Yadda Ɗan Kallamu Ya Zama Siyuan

Kallamu mutumin Maraɗi ne, dogo, mai sanyin magana, sai ka matsa kusa kafin ka ji abin da yake cewa. Shekara shida muna bene ɗaya a ginin Tianxiu da ke Guangzhou, ni ina harkar wayoyin hannu, shi yana tura takalman roba Nijar. Ya auri 'yar China da ke yi masa tafinta, ta musulunta ta zaɓi sunan Saffana. Mahaifinta Liang Dehua tsohon tela ne a unguwar Liwan, kuma tun ranar auren bai taɓa kallon Kallamu ido cikin ido ba.

A watan Yunin 2008 Saffana ta haifi namiji. Lokacin ana ta shirin wasannin Olamfik, sabunta biza ta yi wa baƙi wuya, ta Kallamu kuma saura mako shida. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yaron. Sai an shigar da shi littafin rajistar gida na dangin uwarsa kafin hukuma ta san da zamansa, littafin kuwa yana cikin akwatin tsoho Liang. Idan Kallamu ya bar ƙasar ba a yi ba, ya bar ɗa ba takarda.

Ranar bakwai muka raɗa masa Huzaifa, amma takarda sai da sunan Sinanci. Nan ni sarkin iyawa na tsoma baki. Na ce, "Kai ma da sanyin jiki kake. Ka yi wa tsohon takwara mana. Wane suruki ne za a mayar da sunansa bai sauko ba?"

Ya ce, "Ko in fara tuntuɓar Saffana?"

Na ce ya bari ta ji a taro, ya zame mata albishir. Ita tana gidan iyayenta tana zaman jego, ba ta san abin da muke ƙullawa ba.

Da yaro ya cika wata iyayen Saffana suka yi walima a gidansu, da jajayen ƙwai a faranti kamar yadda suka saba. Kallamu ya miƙe da Sinancinsa na kasuwa, ya ce ya sa wa ɗansa Dehua don girmama kakansa. Ni har na ɗaga hannu zan tafa. Tsohon ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

A matattakala Saffana ta yi mana bayani tana kuka. A wajensu ko kiran sunan babba ba a yi, balle a ɗora wa jariri. Gobe kowa ya riƙa kiran sunan tsoho yana cewa zo nan, bar wannan, share majinarka? Dangi sun ɗauka Kallamu ya zo har gida ya ci mutuncin mutumin. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Saura kwana goma sha biyu kenan. Sau uku Kallamu ya je Liwan da ganyen shayi mai kyau, sau uku surukarsa ta karɓa a bakin ƙofa ta ce maigida yana hutawa. Ya daina cin abinci. Kwastoma zai tambayi kuɗin takalmi, shi yana can yana kallon kalanda. Ni kuwa ko ƙofar shagonsa na wuce sai in ƙara sauri. Da ma zagina ya yi da na ji sauƙi, amma bawan Allahn nan sai dai ya ce, "Ai alheri ka nufa."

Ana jibi zai tashi, da hantsi, sai ga tsoho Liang a Tianxiu, wurin da bai taɓa takawa ba, Saffana na bayansa rungume da jariri. Bai gaisa da kowa ba. Ya ture takalman da ke kan tebur, ya shimfiɗa jar takarda mai harafi biyu da ya rubuta da baƙin tawada.

Ya ɗora yatsa kan na farko yana magana, Saffana tana fassarawa. "Wannan Si ne, wato tunani. Kakannin Baba ne suka tsara wa kowane zamani harafinsa. Duk 'ya'yan yayyena maza da shi sunansu ya fara. Ba a ba ɗan 'ya mace. Baba ya ce shi ya ba shi."

Yatsan ya koma kan na biyu. "Wannan Yuan ne, wato nesa. Siyuan, mai tunanin nesa. Suna ne da ake wa yaro fatan hangen nesa da shi."

Kallamu ya ce, "Tambaye shi, ya yafe mini?"

Tsohon bai jira fassara ba. Ya zaro littafin rajistar daga aljihun rigarsa ya ɗora kan takardar, ya ɗaga kai ya dubi Kallamu sosai, ya faɗi wata gajeriyar magana.

Saffana ta share ido ta ce, "Ya ce nesan da ke cikin sunan, kai ne. Za ka tafi, bai san yaushe za su bar ka ka dawo ba. Yana so duk wanda ya kira yaron ya tuna masa yana da uba."