Mai Jinya Daga Bruxelles

Ina ofis a Al Quoz, nan Dubai, ina fama da direbobin kwantena, aka kira ni daga Budapest, can Turai, aka ce an kwantar da 'yata, za a yi mata tiyata a ciki. Autata ce, can take karatu, ba dangin iya ba na baba. Tiyatar ba ta firgita ni sosai ba, likitoci sun san aikinsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mai jinya. Wa zai riƙe ta zuwa banɗaki, wa zai ce mata sannu? Ni kuwa ba ni da bizar Turai, samunta kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Na koma gida a unguwar Satwa idona jawur. Akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da muke zaune gida ɗaya, tana sarin abaya tana aikawa gida. Ba ma shan inuwa ɗaya da ita, don kullum sai ta cika firij da tukwanenta. Ita ta tarar da ni a kicin.

"Ke, lafiya? Wa ya rasu?"

Na gaya mata.

"Khalas, ya isa, share hawayenki. Ƙanwata tana Bruxelles, ita ma Turai ce, yanzu zan kira ta."

Haushi ya kama ni. Na buɗe taswira a waya na tura mata a fuska. "Hajiya, duba fa! Ga Jamus, ga Ostiriya, sannan a shiga ƙasar. Kafin ta isa ai an sallami yarinyar." Na taɓa zuwa Accra daga Kano a mota, saboda haka a lissafina kowace iyaka wuni guda take ci, ga layi, ga sauke kaya.

Ta tuntsire da dariya. "Habibti, a avion, jirgin sama, awa biyu ne, babu mai tsayar da ita a hanya. Kafin ki je Deira nan cikin gari ki dawo cikin cunkoson nan, ta riga ta sauka."

Ban yarda ba sai da wayata ta yi ƙara washegari da hantsi. Kiran bidiyo ne: ga 'yata kwance, ta farfaɗo, ga wata mata, ƙanwar Hajiya, a gefen gado tana gyara mata ɗankwali. Ta bar nata yaran wurin mijinta, ta zauna har aka sallami yarinyar, tana dama mata kunu tana kawowa a fulas.

Na fara godiya, kuka ya hana ni ƙarasawa. Ta ce, "Haba Yaya, da ɗana ne kwance a Dubai, ai ƙofarki zan buga."

Har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba. Amma duk sallar da na idar, in na roƙa wa iyayena gafara, ita ce ke biye.