Miss Verlene da Riga Mai Ruwan Ɗorawa

Ƙarfe biyar na asuba, garinmu na barci, Miss Verlene Pettway ta riga ta sauka ɗakin wanki da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo. Za ta rataye jakarta a ƙusa, ta kunna rediyon waƙoƙin majami'a, ta ɗura wa injina shida kayan ƙarti ɗari da ashirin. Daga nan sai tururi ya tashi, ɗaki ya yi ɗumi, riguna su yi ta juyawa bayan gilashi, ja da fari, hannu na bin hannu. Ta taɓa gaya mini takan zauna ta zuba musu ido har ta ga kamar yaran ne ke wasa, sai dai a nan babu mai faɗuwa, babu mai karyewa. Shekara talatin da takwas ke nan tana wannan kallo, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni ne mai kiran sunaye a lasifika ranar wasan ƙwallon Amurka, mai kwalkwali da karo, a kwalejinmu, nan kudancin Alabama. Na kira sunan masu horarwa bakwai, na kira na attajirai, har na mai kantin taya na kira. Nata ban taɓa kira ba, kuma abin na ba ni kunya.

Kowane ɗan wasa yana da igiyar wanki mai ɗauke da lambarsa. In an tashi atisaye ya zura safa da singileti da wando, ya ɗaure, ya jefa kwando. Ta wannan igiya ta san su ciki da bai. Lamont Ezell, wanda yanzu shi ne shugaban makarantar sakandaren garin nan, ya ce a shekararsa ta farko kewar gida ta hana shi cin abinci, bai gaya wa kowa ba. Ita ta ga ƙullin mazagin wandonsa yana matsawa ciki. Sai ya fara tarar da burodin masara mai ɗumi a kabad ɗinsa kullum, ba wasiƙa, ba magana. Har yau yana ba da labarin.

Bana aka kawo mana sabon koci, Halvorsen, daga can arewa mai dusar ƙanƙara, mutumin da ke shan shayi ba sukari, Allah ya shirye shi. Ya zo da 'yan wasansa talatin, ya kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: bayan wasan gwaji na Afrilu, Asabar ɗin da ake raba ƙungiya biyu ta kara da kanta, mutum ashirin daga tsofaffi za su nemi wani wuri. Ban ga laifinsa ba, sarki goma zamani goma. Amma ga wanda ƙwallo ce ta ba shi gurbin karatu, wannan Asabar ɗin ba gwaji ba ce, hukunci ce.

Demarion Tubbs, mai lamba arba'in da huɗu, yana cikin waɗanda ke bakin gaɓa. Aikinsa a fili ya tare mai ƙwallo ya kai shi ƙasa, mahaifiyarsa kuma direbar motar 'yan makaranta ce. Ranar Talata ya yi karo da wani, kwalkwali da kwalkwali, ya tashi yana dariya, aka ci gaba. Laraba kayansa suka zo a igiyar lamba sha huɗu, shi da bai taɓa kuskure ba a shekara uku. Alhamis ya leƙo ɗakin wanki yana kanne ido saboda hasken fitila.

"Mama Verlene, a taimaka da tawul."

"Wanda ke kafaɗarka fa, na ado ne?"

Ya duba, ya yi dariya. Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Af, Mama, tawul fa?"

Ta kashe rediyo. "Zo nan, ɗan nan. Me ka ci da safe?"

Ya yi ta lalube, abin bai zo ba. Sai ya sassauta murya. "Don Allah, Mama. Kwana biyu ya rage. Jibi kawai, daga nan ki kai ni duk inda kike so."

"Jibi kai za ka sa kan nan a cikin ƙarti."

"In ban buga ba na tafi! Kin sani sarai. Mutumin nan ko sunana bai riƙe ba."

"Na sani."

"To ki yi kamar ba ki gani ba mana. Ke wanki aka ɗauke ki, ba likitanci ba."

Daga baya ta ce mini maganar ta yi mata zafi, kuma gaskiya ya faɗa. Duk da haka ta goge hannu ta hau benen ofisoshi, wanda a shekara talatin da takwas ba ta taɓa hawa ba sai da kwando a hannu. Sakatariya na nan, ita ta ba ni labari. Koci ya ɗago kai daga takardu ya ce, "Yi haƙuri, uwata, ke ce wa?"

"Ni ce mai wanke maka wando, Koci. Kira likita ya duba kan arba'in da huɗu."

Likita ya duba, ya ce ƙwaƙwalwa ta bugu, wani karon kafin ta warke yana iya zama na ƙarshe. A wurinmu akwai riga mai ruwan ɗorawa da ake sa wa wanda ba a yarda a taɓa shi ba, shi ma kada ya taɓa kowa. Safiyar Asabar Miss Verlene ta goge ta da hannunta, ta rataye a kabad ɗin Demarion.

Ina son wasan Afrilu fiye da duk wasannin kaka. Ba a ci mu ko sau ɗaya ba tukuna, kowa na mafarkin kofi. Daga ɗakina na sama ina ganin hayaƙin gashi na tashi a hankali daga wurin ajiye motoci, ƙamshin soyayyen tarwaɗa na hawowa, ƙurar furanni na yawo cikin rana, masu bushe-bushe na kuskure ba mai damuwa. Ja suka ci, aka yi tafi. Fari suka rama, aka sake tafi, tunda duk namu ne. Ƙwallo ta tashi sama ta daɗe kamar ba ta son saukowa. Ni kuwa idona na kan ɗigon ruwan ɗorawa guda a bakin layi, tsaye da kwalkwali a hannu, awa biyu bai zauna ba. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini haka ba.

Da ina ƙirƙira ne da na ce koci ya tausaya. Litinin aka kafe takarda, sunan Demarion na cikin ashirin ɗin. Yana neman wata ƙaramar makaranta yanzu, likita ya ce zai warke. Sau biyu suka haɗu da Miss Verlene a kantin cefane, sau biyu ya kawar da kai.

Ke ce, Miss Verlene, uwar ɗari da ashirin, mai gani a cikin datti. Ke ce kika san abin da za ki rasa, kika hau benen duk da haka. Da na tambaye ki ko abin na damunki, kina ninke safa, ba ki ɓoye ba, kika ce yana hana ki cin abinci. Sannan kika ce:

"Bar shi ya yi ta fushi har ya tsufa. In dai yana da shekara tamanin yana tuna abin da na yi masa, ai kan nasa lafiya lau."

Mun gode, uwa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, masu shara da direbobi da masu lasifika, duk wanda ya ga irin abin da ta gani ya tashi ya faɗa, ko da yaron zai daina gaishe shi.