Agogon da Na Ɗauka Ya Mutu

Ana sallame sallar asuba muka fito, ranar Lahadin da ta wuce, ni da maigidana da yayarsa, sai 'yar jaririyata mai wata bakwai a bayana. Babbar 'yata kuwa na kai ta wajen mahaifiyata a Madabo tun ranar Asabar. Lungunmu na Yakasai ko adaidaita sahu ba ya shiga, sai an taka an fito bakin titi. Sau biyu ina komawa in duba ko na kashe gas. Da na juya zan koma na uku, Yaya ta ce in miƙo mata yarinyar su tafi, ni in zauna in yi gadin tukunyar.

Masu tambayata me ya kai ni ƙasar Haɗejiya da goyo cikin wannan zafin, to agogo muka je nema. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya, amma zan faɗa yadda abin ya faru.

Maigidana atamfa yake sayarwa, kuma tun kafin ya aure ni yake da son agogo. Ba irin wanda ake shimfiɗawa a faranti a bakin titi ba, masu tsada, na ƙasar Suwizalan, waɗanda har ƙyallen gogewarsu daban ne. Yana da akwati mai karammiski a ciki, gurbi shida, kowane gurbi da agogonsa. Shekarar da ruwa ya shiga shagonsa ya lalata kaya, da hannunsa ya sayar da huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu. Sai ciwo ya kwantar da shi a asibiti, aka rubuta magani, gida ba ko sisi. Na buɗe akwatin. Ɗaya mai ruwan gwal ne, yana sheƙi, yana tafiya. Ɗayan tsohon farin ƙarfe ne, gilashinsa duk zane. Na kara shi a kunne, shiru. Na ce a raina bari in bar masa mai ran, in sayar da mataccen. Na ba dillaliyar unguwarmu, ta kawo abin da ya sayi maganin mako guda, har ina jin na yi dabara.

Da aka sallamo shi ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah ya saka miki da alheri," ya rufe. Sai bayan wata biyu Yaya ta gaya mini. Mai ruwan gwal ɗin na batir ne, shi ne mafi araha a cikinsu. Wanda na sayar na marigayi mahaifinsu ne, wanda ya ƙare rayuwarsa yana fataucin rinannen yadi daga marinar Ƙofar Mata, kuma ya fi sauran duka daraja. Bai mutu ba. Irin agogon nan ne da ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ne abincinsa. In aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya, in aka ɗaura sai ya tashi. Mai shi yana kwance a asibiti, wa zai motsa shi?

Shekara uku ke nan. Allah ya buɗa, kasuwa ta dawo, a hankali maigidan ya cike gurbi huɗun nan. Biyu nasa ne na da, ya fanso su daga wani mai sayar da agogo a Sabon Gari, biyu kuma masu kama da na da. Gurbin farko, na agogon mahaifinsu, ya bar shi haka. Duk Juma'a in ya buɗe akwatin zai zaɓi na zuwa masallaci, ni ramin nan kawai nake gani. Watan jiya dillaliyar ta shigo tana haki, wai matar da ta sayi agogon ta zo biki unguwarmu, 'yar wani ƙauye ce kusa da Haɗejiya, kuma mahaifinta ta saya wa. Aka samo lambar tsohon. Ya ce shi ba ya maganar arziki a waya, mai magana ya zo. Maigidan ya ce shi kaɗai zai je. Na ce ni na fitar da shi daga gidan nan, da ni za a je.

A tashar 'Yan Kaba muka hau mota mai cin mutum bakwai, aka cusa mu tara. Kuɗin motar ya kusa ninka abin da Yaya ta biya bara da ta je ta'aziyya. Da ta yi magana, direban ya ce ta bari in mun tsaya gidan mai ta yi musu faɗan da kanta. A Gezawa muka sayi ƙosai ta taga, mai zafi, a leda da yaji. Hanyar har Ringim ba laifi, sai 'yan ramuka da direban ya haddace kamar shi ya haƙa su.

Ni kuwa abu biyu nake ta yi. Na farko, duk bayan ɗan lokaci sai in sa yatsa a hancin yarinyar in ji ko tana numfashi. Haka nake tun haihuwar fari, in barcin yaro ya yi nauyi hankalina ba ya kwanciya. Wata tsohuwa da ke gefena da kaji biyu a kwando ta gaji da kallona, ta ce, "'Yar nan, ki bar ta ta huta. Ke ce ciwon nata." Na biyu, ina ta kallon hannun maza. Ban taɓa lura ba sai ranar: yawanci ba sa ɗaura agogo yanzu, kowa waya yake zarowa. Direbanmu ya rataye agogonsa a madubi tare da carbi, ya tsaya a huɗu da ashirin, har muka sauka huɗu da ashirin ne.

Mun manta Lahadi ce kasuwar Gujungu. Sai da muka yi rabin awa kafin mu ratsa, tsakanin shanu da amalanke da buhunan tattasai da suka sa duk motar atishawa, har kajin. Kankanar da ake yanka mana a Kano a sayar ɓari-ɓari, a nan da kuɗin ɓari biyu Yaya ta sayi guda sukutum, ta ɗora a cinya kamar ita ma goyo ta zo da shi. Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Gefe ɗaya a bushe ƙayau, gefe ɗaya shinkafar rani kore shar, balbelu farare suna bin manoma, ko'ina ƙarar injin ban ruwa. Ni da na tashi a lungu, inda in ka miƙa hannu sai ka taɓa katangar maƙwabci, faɗin wurin har tsoro ya ba ni.

Kafin a shiga Haɗejiya muka sauka, adaidaita ya kai mu ƙauyen ana kiran azahar. Maigidan ya tsaya a zaure da tsohon, mu muka shige cikin gida. Matarsa, wata dattijuwa mai fara'a da muka kira Inna, ta ba mu ruwan randa mai sanyi, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da kifin da aka kamo da safiyar nan. Yaya ta ci ta ƙara. Ni loma uku kawai na yi. Can Inna ta leƙa zaure ta dawo, ta ce a hankali, "Malam ya ce kyautar 'ya ba ta sayarwa." Yaya ta ajiye ƙashin kifin da ke hannunta. Na hau jijjiga yarinyar alhali ba kuka take ba.

Ba a jima ba tsohon ya shigo gaishe da baƙi. Gajere ne, laka ta bushe a ƙafarsa har ƙwauri, ga agogon a hannunsa na hagu. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Na durƙusa na gaishe shi, ban tsaya shawara da kowa ba na ce, "Baba, ni ce na sayar da shi. Mijina yana asibiti. Na ɗauka ya mutu ne."

Sai ya fashe da dariya. "Ai ya mutu, 'yata! A mace aka kawo mini shi."

Ya zauna a kan turmi ya ba mu labari. 'Yarsa ta ce a bari a kai wa mai gyara, shi kuwa ya ce ko don ado zai ɗaura ya je Juma'a. Ya hau kekensa, kafin ya isa masallaci agogo ya tashi. Maganar ta bazu a ƙauyen, wai hannun Malam yana da albarka. Tun daga lokacin duk wanda agogonsa ya tsaya sai ya kawo masa ya riƙe. Inna ta ce har yau dai ba wanda ya tashi, ya ce mata ai ba su kawo da niyya mai kyau ba ne.

Na roƙe shi ya bari mu gani kusa. Ya miƙo hannu. A tsakanin haƙoran sarƙar agogon, can ciki, akwai wani shuɗi-shuɗi. Ya ce dauɗar nan ta gagare shi, ya sa sabulu, ya sa toka da tsohon buroshi, ba ta fita. Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ba dauɗa ba ce, Baba. Shuni ne. Shunin hannun babanmu ne. Har ya rasu farcensa haka yake." Ta ja hijabi ta rufe fuska.

Tsohon ya jujjuya agogon a hannunsa. Ya ce wa Inna a shigo da yaron nan da ke zaure, ai ɗa ne. Ya kira 'yarsa a waya a gabanmu, ya ce ita ta ba shi, sai da izininta. Muna jin muryarta tana cewa ai tun da ta ba shi ya zama nasa. Ya kashe wayar ya dubi maigidana.

"Kuɗi ba zan karɓa ba. Amma mu biyar ne a kan injin ban ruwa ɗaya, kowa awa guda, kuma wannan ne alƙalinmu. In na cire shi, gobe da me zan raba ruwa?"

Maigidan ya kwance na hannunsa. Na san shi, shi ne wanda ya fara fansowa, ya kusa shekara yana zarya Sabon Gari a kansa. Ya fara cewa, "Baba, gaskiya in gaya maka kuɗin wannan…"

"Kada ka gaya mini. In na sani ba zan iya shiga fadama da shi ba. Shi ma sai da hannu yake tafiya?"

"Shi ma, Baba. Motsin hannu ne kawai, kowa ya ɗaura zai tashi."

"To madalla. Wannan bayanin ka tafi da shi Kano, kada mutanen garin nan su ji. Jiya ma rediyo aka kawo mini in riƙe."

Da ya cire agogon, wurin ya bar farin zobe a fatarsa, har ya sa ɗan yatsa ya shafa. Suka haɗa mu da busasshen kifi da kwano biyu na sabuwar shinkafa, Inna ta ɗaura wa yarinyar wata 'yar munduwa. A hanyar dawowa kasuwar Gujungu ta fara watsewa, muka wuce ba tsayawa. Maigidan yana gaba kusa da direba, ban ga fuskarsa ba, amma na ga sau da yawa yana ɗaga hannu yana karawa a kunne.

Ana kiran magariba muka shigo Yakasai. Gas a kashe yake. Bayan salla ya ɗauko akwatin, ina jira in ga ya sa shi a gurbinsa in huta. Sai ya tsaya. Ya ce in ya sa shi a nan, jibi zai sake tsayawa, shi kuma hannu ɗaya yake ɗaurawa, ga sauran suna jiran rabonsu. Ya ce, "A gidan nan hannun wa ne ba ya hutawa?" Yaya da ke ɗaure kankanarta za ta tafi ta ce, "Kai ma ka sani." Ya kamo hannuna ya ɗaura mini. Ya zame har gwiwar hannu, sai da na naɗa tsumma a ƙasa ya zauna. Ya ce ranar Juma'a nasa ne, sauran kwanakin yana wajena. Shekara uku, wannan ne karon farko da ya yi mini maganar agogon nan, kuma abin da ya ce ke nan.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kifin Haɗejiya ya fi na firij ɗinmu nesa. Kada a bi ta Gujungu ranar Lahadi da mura. Kuma in abu ya yi shiru, a tambayi wanda ya san shi kafin a ce ya mutu. Akwatin yanzu gurbi biyu ne a buɗe, na wanda ke hannuna da na wanda ke raba ruwa a fadama, amma su ina iya kallonsu.

Yau kwana huɗu ina shara da shi, ina daka, ina jijjiga goyo, in zan yi wanki in cire in ajiye a kan taga inda idona ke gani. Bai tsaya ba ko sau ɗaya. Halina dai yana nan. In yarinyar ta yi barci sai in sa yatsa a hancinta, sannan in kara agogon a kunne. Dukansu biyu suna numfashi.