Shuɗin Tankin Delbert

Duk wanda ya taɓa cin lokacin sanyi tare da mu a hamadar Arizona ya san Delbert Haskins. Tsohon direban tirela ne, ƙirjinsa ba ya jure sanyin arewa, kuma ba shi da wani gida a duniya sai motar tafi-da-gidanka da ya kafa a gindin wata ƙaya. Filin na gwamnati ne, da izini ake zama. Babu famfo, babu magudana. Abin da cikinka ya fitar, motarka ce ke riƙe shi har a kai ramin zubarwa can bakin titi.

Kowace mota tanki biyu gare ta, kowanne da hannun da ake ja a buɗe shi: na bahaya mai baƙin hannu, da na ruwan wanke-wanke mai hannu ruwan toka. Delbert kuwa yana da wani shuɗin tanki mai tayoyi. Da shi yake bi mota-mota yana kwashe wa tsofaffi irina, ya ja shi da akori-kurarsa zuwa rami. Ladansa kofi ne kawai.

Amininsa shi ne maƙwabcinsa, Merle Tuttle. Tun da gwiwar Merle ta lalace, Delbert ya ɗauke masa zuwa rami.

"Kai dai ci wakenka, mutumina," haka yake tsokanarsa, "ni zan ji a hancina."

Ashe Merle yana da wani hali. Idan tankin wanke-wanke ya cika, sai ya miƙa mesa cikin kwarin da ke bayan motocinsu ya saki, alhali doka ta hana. Wata safiya ya fito ba tabarau, ya ja baƙin hannu maimakon mai ruwan toka. Kafin ya farga, kayan kwana da kwanaki sun bi kwari. Matarsa ce ta faɗa mini daga baya, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Wari ya kira jami'in da ke kula da filin. Ya tsaya tsakanin motocin biyu, ya fara tambayar Merle.

"Ranka ya daɗe, ni da wannan gwiwa? Ai ko inda hannun yake na manta. Del ke kwashe mini, inda yake kaiwa kuma shi ya sani."

Delbert yana tsaye a wurin. Ya dube shi ya ce, "Merle?"

Na ce wa jami'in ya duba mesar Merle, amma an riga an wanke ta tas an naɗe. Sauran maƙwabta, waɗanda bawan Allahn nan ya shekara da shekaru yana ɗaukar ƙazantarsu, kowa ya zuba wa takalminsa ido. Raina bai taɓa ɓaci kamar ranar ba. Aka soke izinin Delbert, aka ce ya tattara ya bar filin.

Washegari yana ɗaure kaya, bai ma san inda ya nufa ba, sai ga Merle yana ɗingishi.

"Del, abin nan fa bai yi mini daɗi ba. Af, shuɗin tankin nan... tunda tafiya za ka yi, ka bar mana shi mana?"

Na ɗauka zai kwaɗa masa mari, ni ma hannuna ƙaiƙayi yake. Sai Delbert ya kwance tankin daga bayan akori-kura. Ya dubi ƙafar Merle, ya ja masa shi har ƙofar motarsa, ya dawo ya tayar da tasa.