Ranar da aka wanke wa kazata ƙwai

Duk abin da na gada a wurin innata kaza ɗaya ce, ja, mai gajerun ƙafafu. Da ita na taso daga Kurawa zuwa Isa a cikin kwando, a bayan babur. Ta tsufa, kuma 'ya'yanta duk shirwa da annoba sun kwashe. Da ta fara kwanci a tsakiyar sanyin shekarar nan, na san in wannan ƙwai bai ƙyanƙyashe ba, irin kajin inna ya ƙare ke nan.

Na yi mata gurbi a lungun madafa, kusa da murhu, na shimfiɗa ƙaiƙayi da toka. Ƙwai tara, kowanne na ja masa layi da gawayi, kamar yadda inna ke yi, don in gane baƙon ƙwan da kajin maƙwabta ke sakawa in cire shi.

Sai ga yayan maigidana ya sauka a gidan, ɗan kasuwa ne mai kai kaya Nijar. Ya taɓa leƙa wata gonar kaji sau ɗaya, tun daga nan ya zama likitan kaji. Mutumin da ko ɗan tsako bai taɓa raya ba.

Wata safiya mai ɗari na dawo daga rijiya, na tarar da shi a tsugune gaban roba, yana cuɗa ƙwaina da sabulu a ruwan randa, ruwan da ni kaina ba na iya tsoma yatsa a ciki. Kazar tana zagaye shi tana kuka.

“Yaya, mi kaka yi haka?”

“Ƙazantag ga ita ka kashe muku kaji,” in ji shi. “Za ni koya miki aikin zamani.”

Ya jera su a faranti, farare tas, yana murmushi. Ban taɓa raina gemu kamar ranar ba. Amma yayan miji ne, sai na ce masa sannu da aiki.

Na mayar da su gurbi, kazar ta koma ta kwanta a kansu. Sati uku ya wuce, na huɗu ya shiga, ko motsi babu a cikin ƙwan. Ta ƙi tashi, ta ƙi ci, har ƙashin ƙirjinta ya fito. Da na ga za ta mutu mushe, na sa aka yanka ta.

Shi aka kai wa cinya, don shi ne babba. Ya aiko a faɗa mini naman ya yi tauri.