Boris Ɗin da Ban Canza Ba

Ni bakanike ne, kuma ba na wasa ba. A unguwar Gangare ta Jos aka haife ni, a wani gareji da ke Titin Bauchi na koyi aiki har na buɗe nawa. Allah ya ba ni kunne. Mota za ta shigo tana kuka, kafin mai ita ya kashe na san inda ke mata ciwo. Ina faɗa muku wannan ne, ku matasa, don ku san ba yunwa ce ta kai ni gidan yari ba.

Da fulogi na fara. Wani ya kawo sababbi huɗu, na ga biyu cikin tsofaffin da sauransu, na wanke na mayar, sababbi biyu suka shige aljihuna. Bai gane ba. Mutanen Jos kuwa ba sa sakin jiki da bakanike. Mutum zai je kasuwar Terminus ya sayo kayan da kansa, ya zauna a kanka, in ka gama ya ce ka ba shi tsohon da ka cire. Sai na tanadi buhu a bayan shago, cike da matattun kaya. Duk wanda ya nemi tsoho in ɗauko masa a ciki, sabon nasa kuma in sayar.

A haka Baba Gyang ya zo da jif ɗinsa. Tsohon malamin makaranta ne, mai kallon mutum ta saman tabarau kamar ya kama shi da satar amsa. Ya ce motar na wani ƙugi, wuri biyu ya kai, ɗaya ya ce giya, ɗaya ya ce fanbel.

"Duk ɓarayi ne," ya ce. "Kai ma ban yarda da kai ba, oga. Ka nuna mini da idona."

Na nuna masa. Na taka totur motar na tsaye, shiru, ashe ba inji ba ne. Muka hau titi, ina ƙara gudu ƙugin na ƙaruwa. Na karya sitiyari hagu ya tsananta, na karya dama ya lafa. Muka dawo na ɗaga ta da jak, na juya tayar gaba ta dama, na ɗora hannunsa a kan sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke saman tayar. Ya ji tana gurza. Na ce, "Baba, boris ne, abin da taya ke juyawa a kansa. In ya fashe kana gudu, taya za ta iya rabuwa da kai." Gaskiyar da na faɗa masa ke nan ta ƙarshe.

Washegari ya sayo sabo, mai kyau, ya ja benci ya zauna. Kallon da yake mini ya ba ni haushi, na ce a raina sai na nuna wa tsohon nan iyakarsa. Ya tsare ni tun safe, ni kuma ina ta jan aikin, sai wajen azahar aka kira shi a waya, ya ce zai je ya dawo. Kafin ya dawo na danƙara wa tsohon boris giris mai kauri, na ɗaure, na mayar da taya. Giris kan rufe bakin ƙugi na 'yan kwanaki, na kuma san haka.

Ya karɓi mataccen da na ɗauko a buhu, ya jujjuya shi.

"Wannan daga motana ya fito?"

"Daga ina zai fito, Baba?"

"Ran Asabar zan sauka Akwanga da madam. Ka san Hawan Kibo. Ka tabbata?"

Na san wurin, gangare ne mai haɗari. Sabon yana nan ƙarƙashin teburina, aikin awa ɗaya ne. Amma in na ce a sake, na amsa cewa ni ɓarawo ne. Na ce, "Ka je lafiya, Baba."

A gangaren ne tayar ta cije. Shi ya fita da rauni a goshi, matarsa kuwa ƙugunta ya karye. Ashe Baba Gyang ba ya yar da tsohon kaya, a gida yake adanawa. Ya kai wa wani bakanike wanda na ba shi, mutumin ya duba ya ce na ƙaramar mota ne, ko kusa ba zai shiga jif ba. 'Yan sanda suka zo suka tarar da buhuna. A gaban alƙali ban yi musu ba, don babu abin musantawa.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, sai dai in ce mahaifiyata ta rasu ina ciki, ban ga gawarta ba. Da na fito, na yi wata guda ina kai-kawo kafin na iya zuwa gidansu neman gafara. Baba Gyang ya juya mini baya. Matar ce ta fito, tana jan ƙafa da sanduna biyu. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Ɗana, na yafe. Amma ka sani, daren Juma'ar nan ya so ya kai motar wani wuri a sake dubawa. Ni na hana shi. Na ce ya daina zargin mutane haka, ai kai ma ɗan wani ne."

Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa, amma tubana bai miƙe mata ƙugu ba. Ku da kuke koyon sana'a, ko gyaran mota ne ko ɗinki ko waya, kada ku taɓa abin da aka ba ku amana, komai ƙanƙantarsa. In kuma kun riga kun taɓa, ku faɗa tun mai shi bai bar ƙofar shago ba. Ni kunyar minti ɗaya na guje wa, matar da ta kare ni take biya har yau.