Baba Birki da Direban Sama

Baba Birki a kan sitiyarin babbar mota ya yi furfura, yana jigilar buhuna tsakanin ƙasarsu da ta maƙwabta. Duk mai kayan da ya tambaye shi yaushe zai iso, amsarsa ɗaya ce: "Awa biyu." Ko da injin yana ƙasa an baje hanjinsa a kan tabarma, awa biyu ne. Da idonsa ya fara gardama aka karɓe makulli, ya dawo gida ya zauna wa matarsa a wuya.

Da 'yarsu da ke aure a waccan ƙasar ta haihu, matar ta tafi taya ta. Ƙafarta na fita ya aikata abin da ta daɗe tana hana shi, ya sayo 'yan tsaki kwali guda. Ɗakinta ne iska ba ta shiga, don haka ya jingine gadonta da bango, ya zuba ɗusar katako a kan ledarta, babban farantinta na baƙi ya zama wurin cin kaji. Sati uku ana haka, har wari ya fara gaishe da masu wucewa.

Wata safiya surukinsa ya bugo waya. "Baba, Mama ta shiga jirgi. Nan da awa biyu ta sauka."

Baba Birki ya yi dariya har da tari. Maƙwabcinsa tela, da ya ji komai ta taga, ya leƙo.

"Dattijo, tashi mu kwashe kajin nan."

"Zauna, ɗan'uwa. Hanyar nan tafin hannuna ce. A kan iyaka kaɗai sai ka kwana."

"A sama babu iyaka, babu shinge."

"Babu cin abinci? Babu faci? Direba direba ne ko a gajimare yake. Ni za a gaya wa awa biyu? Ni na haife ta. Jibi ma share."

Ya miƙe ƙafa gaban fanka, ya kunna rediyo. Rana ba ta kai tsaka ba tasi ya tsaya a ƙofa.

Matar ta daɗe tsaye a bakin ɗakinta da jaka a hannu. Wani tsako ya hau takalminta ya yi abin da ya kawo shi.

"Malam, waɗannan baƙin fa?"

"Ke, ta ina kika biyo?"

"Ta inda ba a tsayawa shan shayi. Miƙo makullin ɗakinka."

Ta shiga ta kulle, ta turo masa filo ta taga. Tare da kajin ya riƙa kwana har suka isa yanka, kuma ko ƙafar kaza ɗaya ba ta sa a bakinta ba.

Har yau in jirgi ya gifta, Baba Birki yakan ɗaga kai ya girgiza shi.

"Yaron nan gudu ya yi masa yawa. Wanda ya koya masa tuƙi bai kyauta ba."